Gidan abincin da ya rasa kwastomominsa a Birnin Kebbi, da yadda ya dawo da mafi yawansu

Wurin da mutanensa

Gidan abincin yana tsakiyar Birnin Kebbi, a wani layi da ke tsakanin ofisoshin gwamnati da bankuna, ba nisa da titin Ahmadu Bello. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma mai shi. Wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga koyarwa, ta haɗa kuɗin sallamarta da na wani fili da ta sayar, ta kama shaguna biyu ta fasa bangon da ke tsakaninsu. Tebur goma a ciki, benci huɗu a rumfar waje, kicin a baya, firiza ɗaya babba a kusa da kanta.

Tun da jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, abin sha a irin wannan wuri shi ne zoɓo, kunun aya, fura da nono, ruwan tsamiya, lemon kwalba, sai shayi da daddare. Kuma ba rakiyar abinci kawai suke yi ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, da yawa kunu mai sanyi ne ke shigo da su, sai sun zauna sannan su tuna da shinkafa. Ribar robar kunun aya ma, idan aka yi lissafi da abin da aka kashe, ta fi ta farantin shinkafa.

A kicin akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, da 'yan mata biyu masu taya ta. Yara uku ne ke kai abinci. A kanta kuma ɗan ƙanen Hajiya ne, wanda ya gama difloma a kwalejin Waziri Umaru yana jiran aiki. Kwastomomi iri uku ne: ma'aikata da ke shigowa a tare bayan Azahar, 'yan kasuwa da direbobin da ke zuwa daga Jega da Argungu da Kamba, sai matasa da daddare. Akwai kuma wani ofis da ke karɓar abincin taronsa na mako-mako a wurin, kuma kuɗinsa ne ke biyan albashi.

A allon da ke bango an jera abinci kusan iri ashirin. Duka a safiya ɗaya ake girka su, a zuba a kuloli kafin ƙarfe goma sha ɗaya, a yi ta ɗiba har bayan Isha. Shekara biyu ana haka ba wanda ya ce uffan.

Janairu zuwa Maris 2023: ƙarancin takardar kuɗi

Babban bankin ƙasa ya fito da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ranar 15 ga Disamba 2022, kuma kafin ƙarshen Janairu tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. A gidan abincin abin ya shigo ta ƙofa biyu.

Ta gaba, kwastoma zai ci ya ƙoshi, ya yi tiransifa, alat ya ƙi shigowa. Shi yana tsaye a kanta yana nuna wayarsa, yaron da ya kamata ya kai wa na gaba abinci yana tsaye yana gadinsa. Wanda aka sani sai a rubuta shi a littafin bashi ya tafi. Ta baya kuma, masu kawo kifi daga Yauri da Argungu da Fulani masu nono ba su san wani tiransifa ba, kuɗi hannu suke so. Sai Hajiya ta koma duk ranar da ta samu tsabar kuɗi ta sayi tarwaɗa da karfasa na kwanaki da yawa, a danna su a firizar da ake ajiye kunu da lemo.

Kotun ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, kuɗi suka dawo hannun mutane sannu a hankali. Amma sayen kifi da yawa lokaci guda ya zauna, littafin bashi ma bai sake ramewa ba.

Yuni zuwa Agusta 2023: janareta ta fara hutu

A ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuma ta wuce 600. A da, da an ɗauke wuta ake tayar da janareta. Yanzu aka yanka mata lokaci: daga tsakar rana zuwa La'asar, sai daga Magariba zuwa tashi. Duk daren da ba a kawo wuta ba, firiza a kashe take kwana.

Sai juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka a watan Agusta. Aya da dabino, waɗanda da yawansu ta can suke shigowa, suka yi tsada, kuɗin markaɗe ma ya tashi tunda injin da mai yake aiki. Hajiya ta ce a daina markaɗa aya kullum, a riƙa yin mai yawa bayan kwana bibbiyu, wanda ya rage kuma a juye shi cikin sabo don kada a yi asara.

A nan ne zoɓo da kunun aya suka raba hanya. Zoɓo tafasa shi ake yi, kuma yana da tsaminsa na asali, shi ya sa yake jure zafi fiye da ɗan'uwansa. Kunun aya ba ya ganin wuta ko kaɗan. Ɗanyar aya ce da dabino da kwakwa aka jiƙa, aka markaɗa a injin da kowa ke kai nasa, aka tace da hannu. Ga zaƙi, ga maiƙo, duk abin da ƙwayoyin cuta ke so. Idan bai samu sanyi na gaske ba, cikin sa'o'i kaɗan zai fara juyawa, kuma ludayi ɗaya na tsohon kunu ya isa ya lalata jarka guda ta sabo.

Wata rana bayan Azahar wani dattijo da ya daɗe yana zuwa ya karɓi roba, ya ga gindinta ya kumbura har ba ta iya tsayawa daidai a tebur. Yana murɗa murfin ta yi huci, kumfa ta biyo. Ya shinshina, ya ajiye.

"Hajiya, wanga kunu ya kwana."

"Haba Malam, yau da sahe aka yi shi."

Ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya, rabinsa da safen aka yi shi. Malam bai ja magana ba. Ya biya kuɗin shinkafarsa, ya karɓi fiya wata ya fita.

Satumba 2023: makon duhu

A tsakiyar Satumba gobara ta tashi a babbar tashar wutar lantarki ta Birnin Kebbi, ta ƙone taransifomomi, ta jefa Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu. Ƙanƙara ta yi wuyar samu a gari. Firizar gidan tana cike da kifi, aka yi ta ƙona mai don a cece shi, amma sai da aka zubar da wani sashe, wanda ya rage kuma ƙarninsa ya kama robobin kunu da na zoɓo.

A cikin wannan makon ne aka kai wa ofishin nan abincin taronsa. Dafa-duka ce aka sauke tun da hantsi aka rufe a kula, da nufin a ci da Azahar. Baƙon da ake jira bai iso ba sai bayan La'asar. Aka dawo da kular, Inna ta yayyafa ruwa ta ɗumama, aka sake kaiwa da zafinta, tururi na tashi. Kafin Isha mutane da dama cikin waɗanda suka ci suna amai. Ba wanda aka kwantar, washegari duk sun miƙe.

Ba a kai abincin gwaji ba, amma yanayin abin ya yi daidai da wata ƙwayar cuta da aka san ta da shinkafa, Bacillus cereus. Irinta yana tsira daga tafasa. Idan dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi, sai ta farfaɗo ta hayayyafa ta fitar da guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Alamarta amai ne cikin 'yan sa'o'i bayan an ci. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa a riƙe dafaffen abinci da zafin da ya haura digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, kada kuma a bar shi a fili fiye da sa'o'i biyu. Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne, daga nan abin da ke cikinta ya sauko tsakiyar waɗannan iyakoki biyu ya zauna, musamman idan ana buɗe ta duk bayan minti biyar.

Ofishin bai yi rigima ba. Magatakardansu ya bugo waya ya ce za su ɗan dakata. Labarin kuma ya zaga majalisu da zaurukan WhatsApp kafin mako ya zagayo.

Oktoba zuwa Disamba 2023: abubuwan da aka gwada

Ƙorafi uku Hajiya ke ji: yara ba su da hanzari, abin sha ya lalace, abincin kuma yau daɗi gobe akasin haka. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta fara da yara, ta sallami biyu ta ɗauko sababbi. Sababbin ba su san abin da ke allo ba, ba su san Alhajin da ba ya cin yaji ba, jiran ya ƙara tsawo.

Sai ta ɗauko wani kuku da ya taɓa aiki a otal a Sakkwato, albashinsa ya fi na Inna. Ya zo da soyayyiyar shinkafa da shawarma da soyayyen dankali, allon ya ƙara cika. Kicin ya zama mai kai biyu. Inna ba ta ce komai ba, amma ta daina ɗanɗana miyar da ba ita ta ɗora ba, 'yan matan kuma suka rasa wanda za su bi. Kayan kukun suna son firij da wuta, abin da gidan ba shi da shi. Wata biyu ya yi ya kama gabansa.

An yi fenti, an sayi talabijin babba an haɗa mata DStv. Wannan ya kawo matasa masu kallon ƙwallo, waɗanda mutum huɗu ke zama a kan lemo biyu.

Shinkafa tana ta hawa. Abin takaici ne a jihar da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Nuwamba 2015, jihar da ke da manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi, amma buhu bai san wannan tarihin ba. Hajiya ta ji nauyin ƙara kuɗi, sai ta ce a rage zubi. Ma'aikacin da ke cin faranti ɗaya kullum ya san nauyinsa a hannu, ranar farko aka gane.

Kunu kuma aka koma jefa masa dunƙulen ƙanƙara a cikin jarka. Ya tsinke, aka ƙara sukari. Ba wanda ya tambayi da wane ruwa aka yi ƙanƙarar.

Daga nan hunturu ya shigo. Dare ya yi sanyi, kunu ya daina saurin juyawa, masu nemansa ma suka ragu. Ƙorafin ya lafa, Hajiya ta ɗauka ƙanƙarar ce ta yi aiki.

Janairu zuwa Fabrairu 2024: littafin kanta

Gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu ta cika rumfar waje, musamman da Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Ga jama'a, amma kuɗin da ake ƙirgawa da daddare bai nuna ba. Wannan ne ya sa ɗan ƙanen Hajiya ya sayi littafi mai layi ya fara rubuta abu huɗu: me aka nema, ƙarfe nawa aka nema, ƙarfe nawa ya iso tebur, me ya rage a kula lokacin tashi.

Littafin ya nuna cewa kusan duk cinikin a kan abu biyar yake: shinkafa da miya, dafa-duka, shinkafa da wake, tuwon shinkafa, farfesun kifi. Sauran iri goma sha biyar ɗin su ne ke kwana a kula, su ne kuma ke cin murhu da hannu da safe. Jira mai tsawo kuwa tsakanin sallar Azahar da ƙarfe uku kawai yake faruwa.

Ya kuma bi sawun yaro ɗaya da ido a wannan lokacin. Yaron ya je tebur ya ji abin da ake so. Ya shiga kicin aka ce masa sakwara ta ƙare. Ya dawo ya faɗa, kwastoma ya sake duba allo ya zaɓi wani. Ya koma ya tsaya Inna ta ɗumama miyar da ta huce. Ya kawo, aka ce ina ruwa. Ya je firiza ya ɗaga ledar kifi ya tono roba daga ƙasa. Bayan an ci ya karɓi kuɗi, ya fita neman canji wurin mai kati. Zuwa bakwai ke nan a kan mutum ɗaya, kuma yaron da gudu-gudu yake yi.

Da daddare bayan an rufe ya ajiye mata littafin.

"Gwaggo, yaran ga ba lalaci suke yi ba. Hanyar da muke aika su ce ta yi yawa."

"To mi kake so a yi?"

"A goge allon. A bar abu shida."

"Kai yaro, mutum ya shigo ya ga abu shida ya ce mun karye?"

Inna da ke wanke tukunya a baya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Hajiya, ai tun bara an bar jaki ana dukan taiki." Maganar ta tsaya a nan. Ba a goge allon ba.

Azumin 2024

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, a farkon zafi. Kamar kowace shekara, gidan ya rufe da rana, ya koma cinikin buɗa-baki da na bayan asham. Abinci iri uku kawai ake yi, a ɗora bayan Azahar a sauke dab da Magariba. Aya kuma da rana ake markaɗa ta, daidai wadda za a sha, kafin Isha ta ƙare.

Duk shekara haka ake yi, ba a taɓa lura ba ne. Bana akwai littafi. Wata guda, a lokacin zafi, da yara iri ɗaya da firiza iri ɗaya da Inna ɗaya, ba a dawo da roba ɗaya ta kunu ba, abin da ake zubarwa da daddare kuma bai kai a rubuta ba. Malamin nan mai maganar kwanan kunu ya aiko jikansa ya saya masa sau ɗaya, sannan ya riƙa aikowa kullum. A cikin watan Maris ɗin kuma aka buɗe iyakar Nijar. A goman ƙarshe Hajiya da kanta ta ce a nemo alli.

Bayan ƙaramar Sallah: sabon tsari

An buɗe a tsakiyar Afrilu da allo mai abu shida, ana rubutawa da alli kowace safiya, abin da ya ƙare a goge shi nan take. Ranar Juma'a ana ƙara masa da miyar taushe.

Shinkafa ta koma girki biyu, ɗaya ya sauka dab da Azahar, ɗaya bayan La'asar don cinikin dare. Miya ba ta shiga kula kuma, a kan garwashi take zama. Duk odar waje, lokacin da za a ci ake tambaya, kuma ba a karɓar kular da ta fita ta dawo.

Da kuɗin adashi da ɗan rance aka sayi ƙaramar firiza mai aiki da sola, ta kifi da nama kaɗai, sau biyu ake buɗe ta a rana. Wannan yana da dalili: firizar da ke cike, idan ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyinta kusan kwana biyu babu wuta, amma wadda ake ɗaga murfinta a kan kowace robar lemo ba ta taɓa yin sanyin kirki. Tsohuwar ta koma daskarar da ruwa da daddare idan an samu wuta. Abin sha kuma a babbar kula yake zama a rufe cikin robobinsa, ƙanƙara a gefe tana sanyaya su, ba ta shiga ciki.

Ɗaya daga 'yan matan kicin aka ba ragamar abin sha ita kaɗai. Ita ke wanke aya, ita ke ɗauraye injin markaɗe kafin a zuba, da tafasasshen ruwan da ya huce take tacewa, tana sa alama a murfin kowace roba. Kunun safe ba ya wuce La'asar. Wanda ya rage ana raba wa almajirai tun yana da kyaunsa, na dare kuma daban ake yi.

An ƙara kuɗi a fili, aka yi faranti iri biyu, babba da ƙarami. Lokacin hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga, ba wanda ya yi mamaki.

Abin da ya fi wuya shi ne biya kafin ci. An ce kowa ya biya a kanta, ya karɓi kati mai lamba ya zauna, yaro ya kawo abinci da ruwa a tire ɗaya. Zuwa bakwai ya koma biyu. Amma manya suka ji an taɓa musu mutunci. Wani Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni za a ce in biya kahin in ci? Tasha ce nan?" Hajiya ta taso ta ce, "Ranka ya daɗe, zauna, ni zan kawo maka." Daga ranar ta koma zama kusa da ƙofa tsakanin Azahar da ƙarfe uku, ita ke gaisawa da dattawa, ita ke karɓar nasu a hannu ta miƙa wa kanta. An rufe littafin bashi, mutum biyu ko uku suka yi fushi suka daina zuwa da bashinsu a kansu.

An kuma gwada kai abinci gidaje da babur. Kuɗin mai ya cinye ribar, tuwo yana isa a sandare, aka bari bayan 'yan makonni.

Inda aka tsaya a ƙarshen 2024

Teburan goma suna cika bayan Azahar kamar da, kuma mai zuwa yana iya ci ya koma ofis cikin rabin sa'a. An wuce sauran bazarar 2024 da daminarta ba a sake jin maganar kunu ba. Man janareta ya ragu sosai. Ɗaya daga cikin yaran da aka sallama ya dawo da aka neme shi, ɗayan ya riga ya kama acaɓa.

A ganina ƙorafe-ƙorafen nan uku abu ɗaya ne, wato tsawon lokacin da abu ke ɗauka tsakanin sauka daga wuta ko fita daga mataci da shiga bakin mai ci. Dogon allo ne ya tilasta girki sau ɗaya, girki sau ɗaya ya kawo zaman kula da ɗumame, ɗumame da "ya ƙare" suka riƙe yaro a kicin. Ƙarancin kuɗi da tsadar mai da gobarar tasha ba su suka haifi matsalar ba. Tsarin yana da rauninsa tun farko, man fetur mai araha ne ya rufa masa asiri shekara biyu. Duk abin da aka gwada a ƙarshen 2023 ƙari ne, ƙarin mutum, ƙarin abinci, ƙarin kaya, shi ya sa bai yi aiki ba. Firizar sola ta taimaka, amma ba ita zan ba kambu ba, domin watan azumi ya nuna gyaran ya samu tun kafin a saye ta. Sallamar yaran nan biyu kuwa zalunci ce da ba a yi niyya ba.

Akwai abin da bai dawo ba. Cinikin dare bai kai na da ba, domin matasan da suka saba da shawarma sun koma wani wuri. Rancen sola bai gama biyuwa ba. Ofishin nan kuma ya riga ya ba wata mata mai girki a gida kwangilar abincin taronsa, duk da cewa ma'aikatansa ɗaiɗaiku suna shigowa bayan Azahar su biya da kuɗinsu.